Mutum Huɗu a Kan Yarinya Ɗaya

Mu huɗu muka taru a kan yarinya 'yar shekara uku. Ni na danne ƙafafu, uwarta ta riƙe kai, wani mai jinya daga gadon da ke kusa da namu ya taso ya kama hannun hagu, nas kuma tana lalubar jijiya a hannun dama. Zazzaɓi da amai sun riga sun tsotse ta, jijiyoyin duk sun ɓuya. Aka soka a gwiwar hannu ba a samu ba, aka koma bayan hannu, aka sauka ƙafa. Sai a karo na huɗu kanula ta shiga. Duk tsawon lokacin nan kalma ɗaya ce a bakinta, "Baba, Baba," idonta a kaina, ni kuwa ni ne na danne ta. Nas ɗin ba muguwa ba ce. Ita kaɗai ce a ɗakin, ga layi har bakin ƙofa. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Malam, ka riƙe ta da kyau, in ta motsa sai mun sake." Na kuwa riƙe da kyau.

Ta warke, alhamdu lillahi, bayan kwana huɗu aka sallame mu. Amma ta fi shekara guda in ta hango mutum da fararen kaya, ko da baƙo ne ya sha shaddarsa ya zo gaisuwa, sai ta ruga bayan uwarta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mutanen gida suna ta dariya. Ni ma na yi dariyar, don ban san wani abin yi ba.

Wannan ranar ce take dawo mini duk sanda na ci karo da labarin wata sana'a da ake yi a asibitocin yara na Turai da Amurka da wasu ƙasashe. Mutum ne baligi mai hankalinsa, sai ya maƙala jan ƙwallon roba a hanci, ya sa farar rigar likita da aka yi wa faci kala-kala, wani sa'in da takalmin da ya fi ƙafarsa girma, aljihunsa cike da balan-balan da kwalbar kumfar sabulu. Aikinsa ya shiga ɗakin da za a ɗebi jinin yaro, ko a ɗauki hoton cikin jikinsa, ko a sa shi barci don tiyata, ya tsaya tare da yaron har a gama. Hausa ba ta da suna guda da ya zauna masa daram. Yana da ɗan jinin wawan sarki, yana da ɗan jinin ɗan kama. Bari mu kira shi ɗan barkwancin asibiti, mu wuce.

Sana'ar ba ta tsufa ba. A 1986 Michael Christensen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasan nishaɗi ta Big Apple Circus a New York, ya fara shiga asibitin yara da rigar likitan wasa, bayan ciwon daji ya kashe ɗan'uwansa. A shekarar dai, wata mata Karen Ridd ta fara irin wannan aiki a asibitin yara na Winnipeg a Kanada. Daga nan abin ya bazu. A 1991 aka kafa Le Rire Médecin a Faransa da Doutores da Alegria a Brazil, a 1993 wasu 'yan'uwa biyu suka kafa gidauniyar Theodora a Suwizalan da sunan mahaifiyarsu, a 2002 aka fara shirin Dream Doctors a Isra'ila, har Jami'ar Haifa ta buɗe kwas na koyar da sana'ar. Ƙungiyar Red Noses ta ƙasar Austriya tana da rassa a Jordan da Falasɗinu. A 2015 majalisar lardin Buenos Aires a Ajantina ta kai ga yin doka cewa a samar da irin waɗannan mutane a sassan yara na asibitocin gwamnati.

Farkon jin labarin, tsaki na yi. Na ce wannan wasan masu ƙoshi ne. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Mu da ake rubuta mana sirinji da safar hannu mu je mu sayo a kemis, mu da ake ɗinki da fitilar waya in an ɗauke wuta, za a zo mana da zancen mai jan hanci? Na daɗe a kan wannan ra'ayi. Abin da ya sauya ni wani bincike ne da aka yi a Italiya, kuma abin da ma'aikatan asibitin suka ce a ƙarshensa ya fi sakamakon kansa tsaya mini a rai.

A asibitin yara na Meyer da ke birnin Florence, masu bincike sun ɗauki yara 40, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda za a yi wa ƙaramar tiyata. Duk wanda ya taɓa raka yaro ƙofar ɗakin tiyata ya san inda tashin hankalin yake: jiran da ake yi, da lokacin da za a kifa masa robar iskar sa barci a fuska. Aka raba yaran biyu. Rabi suka shiga da uwa ko uba kaɗai, rabi suka shiga da uwa ko uba da kuma 'yan barkwanci. Aka auna fargabarsu da ma'aunin da likitocin sa barci suke amfani da shi. Waɗanda suka shiga da 'yan barkwanci sun fi natsuwa a lokacin sa barcin, a fili. An buga sakamakon a mujallar Pediatrics a 2005. Sannan aka tambayi likitoci da nas-nas na ɗakin tiyatar. Suka amsa cewa lallai abin yana amfanar yara. Aka ce to a ci gaba da shi? Mafi yawansu suka ce a'a, yana shiga musu cikin aiki.

Na karanta wannan wuri ya fi sau uku. Mutanen nan ba su musa cewa yaro ya samu sauƙi ba. Sun gani da idonsu. Sun dai auna sauƙin yaron da tsarin aikinsu, sai tsarin ya rinjaya. A nan na gane cewa abin da ya faru da 'yata ba talauci kaɗai ya jawo shi ba. Florence ba ta rasa sirinji ba, ba a ɗauke mata wuta. Asibiti ko'ina yake a duniya an gina shi ne bisa jadawalin manya. Kowa a ɗakin yana da abin da ya zo yi wa jikin yaro: wannan jijiya yake nema, wancan numfashi yake lura da shi, uba kuma an ba shi aikin dannewa. Yaron kansa, wanda ke cikin jikin nan yana kallon abin da ake yi, ba a ɗauki kowa aiki dominsa ba. Wannan gurbin ɗan barkwanci ya shiga, kuma a ganina gurbin shi ne abin magana. Jan hancin kayan aiki ne kawai.

Wanda bai taɓa ganin yadda suke aiki ba zai ɗauka shigowa suke da ihu da tsalle-tsalle. Ƙwararrun cikinsu ba haka suke ba. Da farko sai sun zauna da nas ta faɗa musu wane yaro ne ke jin jiki, wane ne aka hana shi abinci, wane ne ba a so a matsa kusa da shi saboda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Suna wanke hannu kamar kowane ma'aikaci, suna goge kayan wasansu. In sun zo ƙofa sai su nemi izini wurin yaron. In ya ce ba ya so, sai su tafi. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Tun da aka kwantar da yaron nan, likita ya shigo bai tambaye shi ba, mai ɗibar jini ya shigo bai tambaye shi ba, 'yan dubiya sun cika ɗaki suna taɓa goshinsa. Ga mutum ɗaya tak da zai ce wa "fita" ya kuwa fita. Wasu yaran sai sun kori ɗan barkwancin sau biyu sau uku, don daɗin korar kawai, kafin su bar shi ya shigo.

In ya shigo kuma, sai ya zama wawan ɗakin. Ya ɗauki abin sauraren ƙirji ya ɗora a kan gwiwarsa yana neman bugun zuciya. Ya nemi zama ya kuskure kujera. Yaro ɗan shekara huɗu ya ce masa, ba haka ake yi ba, ga yadda ake yi. Yaron da ya fi kowa ƙanƙanta da rashin iko a ginin nan ya samu wanda ya fi shi rashin wayo, yana yi masa gyara. Hausawa ba sa bukatar dogon bayani a nan. Mun san dalilin da ya sa fada take da wawan sarki, kuma mun san dalilin da ya sa jika yake iya jan gemun kakansa alhali ba ya iya haɗa ido da ubansa.

Akwai kuma dabaru na zahiri a ƙarƙashin wasan. Yaron da aka ba shi ya hura kumfar sabulu dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali, wanda shi ne abin da ake roƙon babba ya yi in ya firgita, shi kuwa yaro ba ya jin wannan roƙon. Hannun da ba a ƙanƙame ba ya fi sauƙin samun jijiya. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana da ƙara kamar injin niƙa, kuma sai mutum ya kwanta cikin ramin nan bai motsa ba na tsawon minti ashirin, talatin, wani lokaci fiye. Yaro ƙarami ba ya iyawa, shi ya sa ake ba shi maganin barci. Ɗan barkwanci kan mai da abin gasa tun kafin a shiga: ni da kai wa zai fi daɗewa bai motsa ba? Ya bar yaron ya ci shi sau da yawa. Ba kowane yaro wannan ke yi wa aiki ba, amma duk wanda aka ɗauki hotonsa ba tare da an sa shi barci ba, an rage masa azumin da ake sa yara kafin maganin, an rage haɗari, an rage kuɗi. Kuma maganin barcin ba ruwan sha ba ne. A Disamban 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa maimaita shi ga yaro ɗan ƙasa da shekara 3, ko daɗewa a cikinsa fiye da awa 3, na iya shafar girman ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya ce a fasa tiyatar da ta zama dole saboda wannan. Amma in don hoto ne kawai, kuma akwai wata hanya, me zai hana a gwada ta?

Ba na so in sayar da abin fiye da kuɗinsa. A 2020 mujallar BMJ ta buga nazarin da wasu masana na Brazil suka jagoranta, suka tattara bincike 24 da suka shafi yara da matasa 1,612. Gaba ɗaya sun nuna fargaba tana raguwa. Sai dai yawancin binciken ƙanana ne, kuma akwai matsalar da ba ta da magani: in ana gwada ƙwaya, ana iya ba wasu ta gaskiya a ba wasu ta bogi ba wanda ya sani, amma ba yadda za ka ɓoye mutum mai jan hanci a tsakiyar ɗaki. Mai aunawa ya san wane yaro ne aka yi wa wasa, kuma zuciyarsa na iya karkata.

Binciken da ya fi burge ni da gaskiyarsa shi ne wanda aka yi a wani asibiti a Haifa aka buga a 2016. Yara 100 ne, 'yan shekara 2 zuwa 10, da za a ɗebi jininsu ko a sa musu kanula. Aka kasa su uku: wasu da ɗan barkwanci, wasu aka shafa musu man EMLA mai kashe zafin fata, wasu ba a yi musu komai ba. Waɗanda ba a yi wa komai ba sun yi kukan kusan minti huɗu. Na wurin ɗan barkwanci, minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Amma da aka tambayi yaran kansu yaya zafin yake, man shafawar ne ya rage shi sosai, ɗan barkwancin bai kai shi ba. Wato tsoro daban, zafi daban, kowanne da maganinsa. Wannan ya sa nake jin tsoron shugaban asibitin da zai ga yara sun daina kuka ya ce to an huta da sayen mai. Yaron da ya yi shiru don hankalinsa ya tafi wurin kumfa, allurar tana nan tana shigarsa. Duk asibitin da ya kawo mai wasa don ya tsuke bakin aljihu a kan maganin kashe zafi, ya cuci yaro sau biyu, kuma ya yi amfani da dariya ya rufe cutar.

Mu a nan muna da amsa guda da muke rufe wannan zance da ita: ai yaro ne, zai manta. Kada mu ɗauka mu kaɗai muka taɓa faɗin haka. Har cikin shekarun 1980, a manyan asibitocin Amurka da Ingila, ana yi wa jarirai bakwaini tiyata da maganin da ke hana su motsi, da ɗan abin kashe zafi kaɗan ko babu sam, bisa imanin cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su ji ciwo. Sai a 1987 aikin wani likita, K. J. S. Anand, da abokansa ya nuna jariran suna ji, kuma waɗanda aka kashe musu zafin sun fi farfaɗowa lafiya. Bayan shekara goma, a 1997, Anna Taddio da abokan aikinta a Toronto suka buga wani bincike a mujallar Lancet wanda ya kamata kowane uba a ƙasar Hausa ya ji shi. Sun bi jarirai maza da aka yi wa kaciya kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Da suka kai wata huɗu zuwa shida aka zo yi musu riga-kafi, waɗanda aka yi wa kaciyar ba tare da kashe zafi ba sun fi sauran nuna jin ciwon allurar. Jaririn ba zai iya ba ka labarin ranar ba, amma jikinsa ya ajiye ta. Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu magana. Mu da muke cewa yaro ya daure, nawa ne a cikinmu suke kau da kai in an zo ɗibar jininsu? Na san dattijo mai jikoki da ya gwammace ya sha ƙwaya ta mako biyu da a yi masa allura ɗaya, kuma in ka bi salsala za ka tarar da wani ɗaki da aka taɓa danne shi a ciki.

Sannan ga abin da muke yi da bakinmu tun daga gida. Yaro ya ƙi cin abinci, a ce za a kira mai allura. Ya ƙi barci, a ce likita na zuwa. Mun mai da ma'aikacin lafiya dodo, shekara da shekaru, sannan ranar da zazzaɓi ya kama yaron mu ɗauke shi mu kai shi wurin dodon, muna mamakin me ya sa yake birgima a ƙasa. In an zo sokawa kuma mu ce, "Ba zafi, wallahi ba zafi." Ya ji zafin. Daga ranar ya san cewa a asibiti maganar uwarsa ma ba abin dogaro ba ce. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na matar da ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ban ga inda aka cire ɗakin allura daga wannan hukunci ba. 'Yan barkwancin da suka san aikinsu ba sa cewa ba zafi, kuma ba sa janye hankalin yaro don a mamaye shi ta baya. Yaron ya san za a yi allura. Abin da ake ba shi shi ne wani wuri da zai ajiye idonsa da hankalinsa kafin a gama.

Masu cewa wasa bai dace da wurin ciwo ba suna da 'yar gaskiya. Ɗakin da ake kwantar da yara a asibitocinmu babba ne, gado kusa da gado, wani lokaci yara biyu a gado ɗaya. A wannan kusurwa ana shirin sallama, a waccan an ja labule uwa tana kuka. Wanda bai san lokacin yin shiru ba bai kamata a bar shi ya shiga ba, komai iya ban dariyarsa. Amma cewa wasa da yaro mai baƙin ciki rashin kamun kai ne, wannan ban yarda ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo labarin ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da yadda Manzon Allah yake tsokanarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Wanda ya fi kowa kwarjini bai ga faɗuwar girma ba a saukowa daidai tsayin yaro.

Sai maganar tsoron da yara kan ji na su kansu masu jan hancin. A 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun tambayi yara fiye da 250, 'yan shekara 4 zuwa 16, game da adon bangon asibiti, yaran suka nuna ba sa son hotunan fuskokin nan masu fenti, wasu ma tsoro suke ba su. Masu adawa da sana'ar suna yawan kawo wannan. Amma hoto a bango ba ya neman izini, ba ya ja da baya in ka tsorata. Da aka lura da yara 1,160 da aka kwantar a asibiti a Haifa, 14 ne kawai suka nuna tsoron ɗan barkwanci mai rai. Yawancin masu aikin yanzu sun ma bar shafe fuska da farin fenti, hancin kaɗai suke sawa. Duk da haka ina da tabbacin cewa in ka kawo mutum da gashin roba kore da baki ja har kunne ka shigar da shi sashen yara a Gusau ko Maraɗi, kafin ya buɗe baki rabin ɗakin sun shige ƙarƙashin gado, iyaye mata suna a'uziyya. Fuskar da aka rufe, a wurin yaranmu, ta dodo ce.

Shi ya sa ba na goyon bayan a kwaso kayan a kawo. Aikin nake so a ɗauka. Kuma muna da yaran da suka fi kowa bukatarsa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Yaro mai sikila ba sau ɗaya yake zuwa asibiti ba. Yau ƙarin ruwa, gobe ƙarin jini, jibi gwaji, haka har girmansa. Jijiyoyinsa suna ƙarewa, haƙurinsa yana ƙarewa. In zuwansa na farko da na biyu dannewa ne, to na ashirin sai an yi kokawa tun daga bakin gida, kuma ranar da ya yi girman da ba a iya ɗaukarsa, zai ɓoye ciwonsa har ya yi tsanani. Ga irin wannan yaro, mutumin da ya saba da shi, wanda ya san sunan da ake tsokanarsa da shi da ƙungiyar ƙwallon da yake so, wanda zai tarbe shi a ƙofa duk zuwa, yana cikin maganinsa.

Masu iyawa kuma ba sai an yi odarsu ba. Ƙasar da ta haifi 'yan kama da 'yan gambara da wasan tashe, ƙasar da Bafulatani da Babarbare za su haɗu a tasha su yi ta yi wa juna tsiya ba su taɓa sanin juna ba, ba ta rasa masu ban dariya. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya daɗe, tun ƙarshen shekarun 1970, yana fita da ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka suna wasa don wayar da kai. Abin da ya rage shi ne horo: tsafta, sirrin majinyaci, sanin yaron da ba a taɓawa, sanin lokacin da za ka koma jikin bango ka bar likita ya yi aikinsa. Wannan na ƙarshe shi ne amsar ƙorafin ma'aikatan Florence, kuma inda abin ya zauna da gindinsa, ɗan barkwancin yana cikin ma'aikata ne, ana biyansa, yana da ranakun aiki, ana iya tsawata masa. Abin da ba na so shi ne irin ziyarar da muka saba gani, a shigo da tawaga da masu ɗaukar hoto ranar wani biki, a raba biskit, a ɗora fuskar yaro marar lafiya a Facebook ba da izinin kowa ba, a fita. Ranar Talata da safe da za a nemi jijiya ba za ka ga kowa ba.

Kafin a kai ga ɗaukar ma'aikaci ma, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage zafin riga-kafi: a bar mai kula da yaro ya kasance a wurin, a riƙe ƙaramin yaro a jiki, uwa ta ba jariri nono lokacin allurar ko dab da ita, a janye hankalin ɗan ƙasa da shekara 6 da abin wasa ko waƙa, a bar allurar da ta fi zafi ta zama ta ƙarshe, kuma ma'aikaci ya guji maganar da ke ƙara tsoro ko wadda ba gaskiya ba. Jaririnmu yana karɓar allurai a mako na 6 da na 10 da na 14, ya dawo a wata na 9. Uwar da ta ga ɗanta ya shiɗe da kuka a zuwan farko, ba kullum take dawowa na biyu ba, kuma ba za ta faɗa wa mai rubuta kati dalili ba.

'Yar tawa tana da shekara shida aka sake rubuta mana gwajin jini. Tun a mota ta fara rawar jiki. Muna zaune a benci, na riga na fara naɗe hannun riga don na san aikina, sai ga wata tsohuwa mai shara ta zo wucewa da bokiti da tsumma. Ta tsaya ta ƙare wa yarinyar kallo, ta riƙe haɓa.

"Au, kishiya, ashe ke ce? Har nan kika biyo ni za ki ƙwace mini miji?"

Yarinyar ta ɗago da hawaye a fuska ta ce ita ba ta son mijinta, tsoho ne.

"Tsoho? Kin gan shi ne? To wallahi ko kin yi kwalliya ba ki kai ni kyau ba. Dubi haƙorana."

Ta buɗe baki, haƙoran ba su fi huɗu ba. Aka kira sunanmu, tsohuwar ta ajiye bokitin ta biyo mu har ciki, suna ta musu a kan wa ya fi iya tuwo. Na zaunar da yarinyar a cinyata. Da allurar ta shiga ta yi ƙara, ta yi kuka, ba zan ce ba ta yi ba. Amma hannun yana miƙe inda ta ajiye shi, ba wanda ya taɓa ƙafarta, kuma tana kukan tana ce wa tsohuwar ita ma ai ta iya tuwo. Soka ɗaya aka yi.

Muna fitowa na ji wata babbar sista daga ƙarshen baranda tana ɗaga murya, wa ya bar bokiti a tsakiyar hanya. Tsohuwar ta ce, "Yi haƙuri, ranki ya daɗe," ta ɗauki kayanta da sauri ta yi gaba. Ban ko samu na tambayi sunanta ba.